Katin bashi na farko a Amurka: wanne ya dace da wanda ba shi da tarihin kiredit?

Duk wanda ya sauka Amurka, ɗalibi ne ko ma'aikaciyar jinya ko wanda ya biyo iyalinsa, ba ya daɗewa kafin a tambaye shi yaya kiredit ɗinsa yake, wato tarihinsa na cin bashi da biya. Mai gidan haya zai duba, dilan mota zai duba, kamfanin waya da na wutar lantarki ma za su duba, in ba su ga komai ba su ce sai an ajiye musu kuɗin jingina. A yawancin jihohi har kamfanin inshorar mota yana leƙawa kafin ya yanke farashi. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne, rashin cin bashi ba abin yabo ba ne a wurinsu. Mutum zai bugi ƙirji ya ce tun da yake bai taɓa karɓar bashin banki ba, su kuwa abin da suka fahimta shi ne ba su san halinsa ba. Ka nemi kati a ce ba ka da tarihi, tarihin kuma ba ya samuwa sai ka riƙe kati ko wani bashi.

Sunan da ka yi a gida ba ya biyo ka. Ko da CRC ko FirstCentral, kamfanonin da ke tattara rahoton bashi a Najeriya, suna da shaidar cewa kai mai cika alkawari ne, bankin Amurka galibi kamfanoni uku yake tambaya: Equifax, Experian da TransUnion. Su ke tattara rahoton wanda ya ci bashi da yadda ya biya, sannan a fitar da maki daga rahoton. Makin da bankuna suka fi amfani da shi shi ne na FICO, daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin ɗari na makin daga biya a kan lokaci yake fitowa, kashi 30 daga yawan abin da ake bin ka idan aka kwatanta da iyakar kuɗin da aka yarda ka kashe a kati, kashi 15 daga daɗewar tarihinka, sauran kashi 20 kuma an raba shi biyu tsakanin sabbin basussukan da ka nema da ire-iren bashin da kake riƙe da su. FICO ba ya ba ka maki ko ɗaya sai kana da asusun da ya kai wata shida a buɗe. Saboda haka duk zaɓin da za mu duba, aikinsa guda ne: ya sa a riƙa rubuta sunanka kowane wata cewa ka biya.

Katin cire kuɗi na asusunka na banki ba ya wannan aikin, ko ka shekara goma kana amfani da shi. Haka ma katin da ake saya a kanti a loda masa kuɗi. Kuɗinka kake kashewa, babu bashin da za a rubuta.

Abin da za a auna da shi

Na farko, shin katin yana kai rahoto ga kamfanonin nan uku duka? In ɗaya kaɗai yake kai wa, ranar da mai gidan haya ya duba wani daga cikin sauran biyun, babu kai a ciki.

Na biyu, tsada. A nan mutane sukan kalli kuɗin ruwa su manta da kuɗin shekara, alhali ga wanda zai riƙa biyan duk abin da ya kashe kowane wata, ruwa ba zai taɓa hawa kansa ba, kuɗin shekara da na wata kuwa sai ya biya ko bai taɓa katin ba.

Na uku, sauƙin samu: ana buƙatar lambar SSN, wato lambar shaida da gwamnati ke bai wa 'yan ƙasa da masu izinin aiki, ko za a karɓi ITIN, wadda hukumar haraji ta IRS ke bai wa waɗanda ba su cancanci SSN ba? Za a yi maka binciken da ke barin tabo a rahoto? Irin wannan binciken yana zama shekara biyu a rubuce, kuma yana ɗan rage maki na kimanin shekara guda.

Na huɗu, ɗorewa. Katin farko shi ne mafarin shekarun tarihinka, don haka ana son wanda za ka iya bari a buɗe shekara da shekaru ba tare da yana cin kuɗinka ba.

Na biyar, haɗari: me zai faru in abu ya karkace, kuma wa zai kwana a ciki?

Akwai na shida da jagororin Turawa ba sa sakawa, amma yawancin masu karanta wannan ba za su tsallake shi ba, wato hukuncin kuɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Riyadh a 2000, ta yanke cewa bai halatta a riƙe katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman da ke zaune a Amurka da Turai sun yi sassauci saboda buƙata, bisa sharaɗin mutum ya tabbata zai biya duka a kan lokaci. Ba ni zan raba wannan gardama ba, kowa ya koma ga malamin da ya yarda da shi. Abin da zan iya yi shi ne in nuna a wane zaɓi ake iya kauce wa ruwa, a wane ne babu shi sam, a wane ne kuma ba makawa sai an biya. Yana da kyau a sani cewa kamfanonin da ke ba da kuɗin sayen gida bisa tsarin Musulunci a Amurka, irin su Guidance Residential da UIF, su ma suna duba makin kiredit.

Kati mai jingina

Wannan shi ne ƙofar da aka gina musamman domin baƙo. Ka ajiye wa banki kuɗi, galibi dala 200 ko fiye, su ba ka kati mai iyaka daidai da abin da ka ajiye. Tunda kuɗinka na hannunsu, ba sa jin tsoron ba ka. Discover it Secured yana farawa daga dala 200, babu kuɗin shekara, kuma daga wata na bakwai sukan fara duba ko za su mayar maka da jinginarka su bar ka da katin. Capital One Platinum Secured shi ma babu kuɗin shekara, kuma wasu masu nema dala 49 ko 99 kawai ake ce musu su ajiye a ba su iyakar dala 200. Capital One ya saye Discover a watan Mayun 2025, don haka a karanta sharuɗɗan ranar da za a nema. Akwai kuma OpenSky, wanda ba ya binciken kiredit kwata-kwata, amma katinsa na asali yana da kuɗin shekara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar jinginar a matsayin kuɗin da ake cirewa in an yi sayayya. Ba haka ba ne. Jinginar tana kulle a gefe, abin da ka kashe bashi ne, sai ka biya shi daga aljihunka. In ka ƙi biya, za su riƙe jinginar kuma su ɓata maka suna, an yi biyu babu.

Ga yadda wata guda yake tafiya ga wanda ya iya abin. A ce iyakarka dala 200. Ka ɗora abu guda ƙarami a kan katin, misali kuɗin layin waya na dala 20, ka ajiye katin a durowa. Ranar 5 ga wata banki ya rufe lissafi, ya aiko maka da takarda: ana bin ka 20, mafi ƙarancin abin da za ka iya biya kaza, ranar ƙarshe ta biya kaza. Doka ta ce tsakanin aiko takardar da ranar biya kada ya gaza kwana 21. Wannan 20 ɗin da aka gani ranar rufe lissafi ita ake kai wa Equifax da 'yan uwansa, kashi 10 ke nan na iyakarka, kuma hakan ya yi kyau. Da ka kashe 180, ko da ka biya duka bayan kwana biyu, abin da za a rubuta shi ne ka cinye kashi 90 na abin da aka ba ka. Idan ka buɗe manhajar banki za ka ga zaɓi uku: mafi ƙaranci, cikakken lissafin wata, ko wani adadi da ka ga dama. Na tsakiyar nan za ka danna, ka kuma saita shi ya riƙa fita da kansa daga asusunka. Muddin kana biyan cikakken lissafin, ko sisi ba za a ɗora maka na ruwa ba.

Za ka ji masu cewa sai ka bar ɗan saura kowane wata kafin maki ya hau. Babu gaskiya a ciki. Saura ba ya ƙara maki, ruwa kawai yake jawowa, ruwan waɗannan katunan kuma yakan kusanci kashi 30 a shekara. Wanda ya bar dala 500 a kan ruwan kashi 29, kimanin dala 12 ke hawa kansa duk wata ba tare da ya sayi komai ba.

Ta fuskar tsada, in ka zaɓi maras kuɗin shekara, asararka kawai ita ce kuɗinka da za su kwanta na wasu watanni. Ta fuskar ɗorewa, shi ya fi kowa, idan bankin yana da tsarin mayar da shi katin yau da kullum, domin asusun ba ya rufewa, shekarunsa na ci gaba da ƙirguwa. Tambayi wannan kafin ka ajiye kuɗi. Kati mai jingina da ba ya canjawa, kuma yana karɓar kuɗin shekara, wata rana dole ka rufe shi kafin ka ga kuɗinka.

A nan ne ya kamata a ambaci bankunan haɗin gwiwa na mambobi, waɗanda ake kira kiredit yuniyon. Waɗanda ke da rajistar gwamnatin tarayya ba sa wuce kashi 18 na ruwa a kan kati, kuma da yawansu sun saba da baƙi masu ITIN. Mutanen Nijar da ke Greensboro a jihar North Carolina, alal misali, suna da reshen Latino Community Credit Union a garinsu, wanda tun asali domin baƙi aka kafa shi. Amfanin irin waɗannan wuraren shi ne za ka zauna da mutum ya saurare ka, ba kwamfuta ce kawai za ta ce a'a ba.

Katin ɗalibai da katin masu farawa

Waɗannan ba sa neman jingina. Discover da Capital One suna da katunan ɗalibai marasa kuɗin shekara, Chase kuma ya fito da Freedom Rise a 2023 domin waɗanda ba su taɓa riƙe kati ba, kuma bankin da kansa ya ce samun aƙalla dala 250 a asusun Chase yana ƙara yiwuwar a amince da kai. Iyakar farko ba ta da yawa, 'yan ɗaruruwa ne, amma kuɗinka bai kwanta ba, kuma katin naka ne har abada in ka riƙe shi da kyau.

Matsalar tana wajen shiga. Dokar katin bashi ta 2009 ta ce wanda bai kai shekara 21 ba sai ya nuna kuɗin shigarsa na kansa ko ya kawo wanda zai tsaya masa, manyan bankuna kuma yawancinsu sun daina karɓar mai tsayawa. Ɗalibin da ya zo da bizar F-1 ba ya samun SSN sai yana da izinin aiki, misali aikin cikin makaranta. Saboda haka tsarin da ya fi sauƙi shi ne a fara samun ɗan aikin ɗakin karatu ko na kantin abinci, a karɓi lambar, sannan a nemi kati. Kafin ka cike takardar nema, yi amfani da shafin tantancewar farko da bankunan ke da shi, wanda ke nuna maka ko akwai yiwuwar a amince da kai, kuma ba ya barin tabo. Kada ka bi bankuna biyar a mako guda kana gwada sa'a. Kowace nema tabo ce, kuma in an ƙi ka, doka ta wajabta musu su rubuto maka dalili. Karanta dalilin kafin ka sake nema.

Haɗarin wannan zaɓi a zuciyar mai shi yake. Wanda ya ajiye kuɗinsa jingina yana jin zafinsu, wanda aka miƙa wa iyakar dala 500 kyauta kuwa yakan ga kamar tsintuwa ya yi.

A raɓa ka a katin wani

Yayanka ko mijinki ko aminin da ya daɗe a ƙasar zai iya sa sunanka a katinsa a matsayin wanda aka ba izinin amfani. Yawancin manyan bankuna suna kai rahoton asusun da sunanka, wasu har da shekarun da ya yi a baya. Babu jingina, ba a binciken ka, kuma a mafi yawan katuna marasa kuɗin shekara kyauta ne. Ba sai ma an ba ka katin a hannu ba, yana iya zama a aljihun mai shi. A shari'ance shi ake bi bashin, ba kai ba.

Kamar baƙon ɗan kasuwa ne da ya shigo Kantin Kwari ta hannun maigidan da aka sani: za a ba shi kaya saboda fuskar maigidan, amma ranar da maigidan ya ci amana, shi ma za a daina kallonsa da mutunci. In mai katin ya makara da biya, ko ya cika katin maƙil lokacin biki ko tafiya gida, rahotonka zai ɗauka. Shi ma yana cikin haɗari in ya ba ka katin ka wuce gona da iri, kuma zumunci da yawa ya lalace a kan wannan. Ɗorewarsa ba ta hannunka, ranar da aka cire sunanka tarihin na iya tafiya da shi. Bankuna ma sun san bambancin wanda ya biya da kansa da wanda aka goya, don haka wannan tsani ne na hawa, ba wurin zama ba. Ga mai gudun sa hannu a yarjejeniyar ruwa, nan ba shi ne ya sa hannu ba, sai dai ko wannan ya wadatar tambaya ce ta malamai.

Akwai masu sayar da irin wannan gurbi ga baƙi, ka biya kuɗi a sa sunanka a katin wanda ba ka taɓa gani ba na wata biyu. Ka nisance su, kamar yadda za ka nisanci masu tallan wata lamba da suke cewa tana maye gurbin SSN. Sa irin wannan lambar a takardar neman bashi zamba ce a dokar tarayya, kuma ga wanda takardun zamansa ba su gama zama ba, abin ya wuce maganar maki.

Katunan manhaja marasa ruwa

Chime da Varo da wasu suna da kati wanda ka fara zuba kuɗinka a wani asusu, ka kashe daga ciki, a ƙarshen wata a biya lissafin da kuɗin da ka zuba, su kuma su kai rahoto cewa ka biya. Babu ruwa a yarjejeniyar, babu kuɗin shekara, babu binciken kiredit. Ga wanda hukuncin ruwa ya tsaya masa a rai, wannan ya fi kusa da abin da yake nema. Yana da wuya ka ci bashin da ya fi ƙarfinka, tunda ba za ka kashe abin da ba ka zuba ba.

Sai dai dole ka buɗe asusun ajiya da kamfanin, galibi da SSN. Katin ba ya girma ya zama katin yau da kullum mai babbar iyaka. Chime kuma ba banki ba ne, kamfanin fasaha ne da ke aiki ta hannun bankuna abokan hulɗa, kuma ba shi da reshen da za ka shiga in an kulle maka asusu. Ni dai ba zan zuba duk albashina a manhaja ba saboda kati. Abin da katin ke buƙata kaɗan ne.

Katin kanti da katunan da ke zuwa ta akwatin gidan waya

A wurin biyan kuɗi a manyan kantuna za a ce maka buɗe katinmu a rage maka kashi kaza yau. Suna da sauƙin samu, amma ruwansu yakan kai kashi 30 ko ya wuce, wasu a kantin kaɗai suke aiki, kuma tayinsu na wata goma sha biyu babu ruwa yana da ƙugiya: in wa'adin ya cika da sauran dala ɗaya a kanka, ruwan duk watannin baya zai sauko a kan cikakken kuɗin kayan.

Mafi muni su ne katunan da ake aiko wa masu raunin kiredit da wasiƙa mai cewa an riga an zaɓe ka. Dokar 2009 ta hana kuɗaɗen hidima na shekarar farko su wuce kashi 25 na iyaka, su kuma sai su tsaya daidai kan layin. A ba ka iyakar dala 300, a cire 75 na shekara, katin ya iso da 225 kuma tun ba ka sayi komai ba ana bin ka. Wasu suna karɓar wani kuɗin tun kafin a buɗe asusun, wanda bai shiga lissafin kashi 25 ɗin ba, a shekara ta biyu kuma a ƙaro kuɗin wata-wata. Ruwa yakan kai kashi 36. Mutum yana gudun ajiye 200 da za ta dawo masa, sai ya biya kusan haka a shekara biyu wadda ba za ta dawo ba.

Hanyoyin da ba kati ba

Bashin gina kiredit yana tafiya ne a juye: ba a ba ka kuɗin, ana kulle su, ka riƙa biya wata-wata, in ka gama a sakar maka. A kamfanin Self ana iya farawa da dala 25 a wata na tsawon wata 24. Ka biya 600, abin da zai dawo bai kai haka ba, bambancin shi ne ruwa da kuɗin hidima. A nan babu dabarar kauce wa ruwa.

Adashi kuwa, wanda matanmu na Bronx a New York suke yi kamar yadda ake yi a Kumasi da Zinder, ba ya shiga rahoton kowa. Amma ƙungiyar Mission Asset Fund ta San Francisco, da aka kafa a 2007, ta mayar da shi tsari a rubuce: rukunin mutane su riƙa zubi, kowa ya kwasa bi da bi, babu ruwa, ita kuma ta kai rahoton zubin ga kamfanoni ukun. Tana aiki da wasu ƙungiyoyi a jihohi daban-daban. In akwai kusa da kai, da wuya ka sami hanya mai tsabta kamarta. Akwai kuma kamfanoni irin su Esusu da ke kai rahoton kuɗin haya, sai dai tsohon tsarin FICO 8, wanda masu ba da kati da yawa ke amfani da shi har yanzu, ba ya lissafa haya. Taimako ne, bai isa shi kaɗai ba.

| Zaɓi | Abin da zai ci maka | Sauƙin samu | Ɗorewa | Babban haɗari | Kuɗin ruwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Kati mai jingina | Jingina daga dala 200, tana dawowa | Mai sauƙi, wasu na karɓar ITIN | Sosai, in yana canjawa | Makara da biya | Yana cikin yarjejeniya, ana iya kauce masa |
| Katin ɗalibai ko masu farawa | Galibi babu | Matsakaici | Sosai | Kashe abin da ba ka da shi | Yana ciki, ana iya kauce masa |
| Raɓawa a katin wani | Galibi babu | Sai kana da amintacce | Ba a hannunka take ba | Kuskuren mai katin | Ba kai ka sa hannu ba |
| Katin manhaja | Babu | Mai sauƙi da SSN | Matsakaiciya | Kulle asusu, babu reshe | Babu |
| Katin kanti | Babu kuɗin shekara galibi | Mai sauƙi | Matsakaiciya | Ruwan baya da ke saukowa | Mai tsanani |
| Katin wasiƙa mai yawan caji | Dala 75 ko fiye a shekara | Mai sauƙi ƙwarai | Kaɗan | Caji ko ba ka kashe ba | Mai tsanani |
| Bashin gina kiredit | Ruwa da kuɗin hidima | Mai sauƙi | Yana ƙarewa | Kasa zubi | Dole ne |
| Adashi mai rahoto | Babu | Sai inda ake yi | Yana ƙarewa | Kasa zubi | Babu |

Abu biyu sun shafi duk wani kati mai ruwa. Kada ka tura kuɗi gida da shi. Bankuna da yawa suna ɗaukar aiken kuɗi a matsayin cire tsabar kuɗi: a caje ka kashi 5 ko dala 10, duk wanda ya fi yawa, ruwa kuma ya fara hawa daga ranar, babu kwanakin lamuni. In waya ta zo daga gida cewa ana neman kuɗin asibiti, da katin cire kuɗi za ka aika. Na biyu, makarar da ta kai kwana 30 ana rubuta ta, kuma tana zama shekara bakwai a rahoto. Ana iya duba rahotannin uku kyauta a AnnualCreditReport.com. Ka duba bayan wata biyu ko uku ka ga ko asusun ya bayyana, ka kuma tabbata an rubuta sunanka daidai, domin sunaye irin namu, Muhammad da Mohammed da Mamane, ana yawan cakuɗa su da na wasu.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Sabon zuwa mai aiki da SSN, wanda zai iya haƙura da dala 200 na wasu watanni: kati mai jingina maras kuɗin shekara daga bankin da ke mayar da jingina. Wannan ne zan ba yawancin mutane shawara.

Ɗalibi mai aikin cikin makaranta: katin ɗalibai, bayan ya gwada shafin tantancewa. In an ƙi shi, ya koma mai jingina, kada ya ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofofi.

Mai ITIN kaɗai: ya fara da kiredit yuniyon na unguwarsu ko bankin da yake da asusu, ya tambaya baki da baki ko suna karɓar lambar.

Matar aure da ba ta fara aiki ba: mijinta ya sa sunanta a katinsa mafi daɗewa kuma mafi tsabta, bayan wasu watanni ta nemi nata. Tun 2013 ƙa'ida ta ba wanda ya kai shekara 21 damar rubuta kuɗin shigar gida da yake da ikon amfani da su. Ya kamata ta sami nata, domin tarihin miji ba ya zama na mata saboda aure.

Wanda ba zai sa hannu a takardar da ke da sharaɗin ruwa ba: katin manhaja maras ruwa, ya haɗa da adashi mai rahoto in ya samu, da rahoton kuɗin haya. Makinsa zai fito, ko da rahoton bai yi kauri kamar na mai katin banki ba.

Wanda ya san hannunsa ba ya riƙe kuɗi: shi ma katin manhaja, ko mai jingina a kan mafi ƙarancin iyaka, ya bar shi a gida.

Direban da ke son bashin mota nan da shekara guda: mai jingina yanzu, in akwai ɗan uwa amintacce a raɓa shi ma, sannan kada ya nemi wani sabon kati a watannin da ke gab da zuwa wurin dila. Kafin ya shiga wurin dilan, ya fara tambayar kiredit yuniyon nawa za su ba shi kuma a kan ruwa nawa, ya je da takardar a hannu.